Rijiyar da Buba Bai Ɗago Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Garun Dutse, zuwa ga mai sunan Baba.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a inda za ka sauka, Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, Ya mayar da kai gaban mahaifiyarka a kan ƙafafunka. Amin.

Bayan haka, ka san ni da baki. Duk kasuwar Dutse babu wanda bai sha harshena ba, daga mai awo har dogari. Amma kai ɗan fari ne, ga kuma sunan mahaifina a kanka, in na gan ka sai harshen ya naɗe. Shi ya sa na zauna da tawada. Ka karanta a tsanake, in ka gama ka sake.

Mahaifiyarka ce ta gaya mini, ba kai ba, cewa ka shiga ƙungiyar Sarkin Haƙa Tanko, masu yi wa hukumar En'e rijiyoyi, kuma aikinku na farko shi ne buɗe tsohuwar rijiyar Unguwar Kargo da ke kan hanyar Jahun. Ba zan ce kada ka je ba. Ni ma an ce mini kada in yi abubuwa da yawa, kuma babu wanda na bari. Amma na san al'adar mahaƙa: wanda ya fi kowa rashin nauyi shi ake fara zurawa. Na ga mutanen Tanko, duk ƙarti ne masu ƙirji kamar na bijimi, kai kuwa kamar karan dawa. To kai za a fara zurawa.

Akwai mutum a ƙasan rijiyar nan. Sunansa Buba. Ni na riƙe masa igiya.

Ka sha jin labarin a bakin mata, wai aljana ce ta riƙe shi. Ƙarya ce. Ga yadda aka yi, kuma ga inda na yi wauta, ɗaya bayan ɗaya, don kada ka bi sawuna.

Kana goye a bayan mahaifiyarka lokacin. Ni ban fi shekarunka na yanzu da yawa ba, ina aiki ƙarƙashin Baba Mati, mahaifin Tankon nan, Allah Ya jiƙansa. Buba Bafillace ne. Ciwo ya shafe musu garke, ya bar shi da sanda da tsohuwa, sai ya shigo haƙa don ya tara abin sayen ko da karsana ɗaya. Dogo ne, siriri, ga sanyin murya. Tun ranar da ya zo nake tsokanarsa. In ce, "Ɗan Fillo, da kana bin saniya, yanzu kana bin gafiya cikin rami." Shi kuma ya ce, "Kaɗo, ai gara ni, na taɓa mallakar abu mai wutsiya. Kai ban da baki me ka gada?" A kwano ɗaya muke ci. Kuma mutum ne mai ibada. In ya yi sujada sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai ɗago ba. Kowa ya san shi da wannan. Ka riƙe wannan maganar.

Mun daɗe a kan rijiyar Unguwar Kargo. Ƙasar wurin mugun zurfi gare ta, ga wani farin dutse mai gari da muka yi ta fasawa da dagi. Ta yi zurfin da in ka leƙa, mutumin da ke ƙasa bai fi ɗan tsako ba. Wata Laraba da yamma dagi ya fito da danshi. Garin ya ɗauki guɗa. Baba Mati ya ce a bar ta ta huta sai bayan Juma'a, aka rufe bakinta da zana saboda awaki.

Ranar Asabar muka dawo da hantsi. Gari ya yi tsit, zafi ya danne ƙirji, ganyen kargo ko motsi ba ya yi, hadari na haɗuwa ta gabas. Baba Mati yana da al'ada: kafin kowa ya sauka, sai an zura fitila a gaishe da aljana mai rijiya, in ji shi. In ta karɓi wutar a shiga, in ta hure a jira. Ni nake zura fitilar, kuma kullum ina yi ina ƙunƙuni, don ina ganin shirme ne. Ranar na zura ta har zaren ya ƙare a hannuna. Na leƙa, tana ci, ɗan ɗigon wuta can ƙasa. Na ce, "Baba, tsohuwar taka ta ce a shigo," na janye.

Ga wautata ta farko. Zaren fitilar nan an yanke shi ne tun rijiyar ba ta kai haka ba. Rijiya ta yi ta ƙara zurfi, zare bai ƙara ba. Fitilar ba ta taɓa ƙasa ba, a sama ta tsaya tana lilo, daidai ƙirjin mutum. Na ji a hannuna cewa zaren bai saki ba, na ji nauyinta har ƙarshe, amma ina sauri.

To ka ji: fitila ba ta gama aikinta ba sai ta zauna a ƙasa, sai ka ji zaren ya yi laushi a hannunka. Sannan ka bar ta a can ka je ka yi wani abu ka dawo. In wutar ta yi ja, ko ta tsuguna a kan lagwani, ko ta mutu, to duk inda ta mutu nan ne iyakar ranka. Kada ka yarda wani ya zura maka. Wanda zai sauka shi zai zura, don shi kaɗai ne ba ya sauri.

Mahaƙan wancan yanki suna da wata al'ada kuma, har yanzu ma na ji ba su bari ba. In an taɓa danshi, wanda ya fara sauka ba ya taɓa dagi sai ya yi raka'a biyu ta godiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar. Suna cewa ita ce ke sa ruwan ya yi daɗi, kuma rijiyar ba ta ƙafewa. Ni ne ya kamata in sauka, don na fi kowa rashin nauyi. Buba ya ce, "Haba Baba, a bar Kaɗon nan ya yi sallar godiya? Ai ruwan sai ya yi ɗaci. Sallarsa kamar kaza na tsince gero." Aka yi dariya. Baba Mati ya ce to Buba ya sauka.

Muka zura shi, ni ne a gaban igiya. Ya dira lafiya. Ya ɗaga kai ya ce, "Akwai sanyi a ƙafa, kamar na shiga ruwa, amma babu ruwa." Na ce, "Ƙafar Fillo ce ba ta san inuwa ba." Sai na ji igiya ta saki. Ya kwance ta daga ƙugunsa. Na ce, "Kai, me ya sa?" Ya ce, "Ba a zuwa gaban Ubangiji a ɗaure kamar akuya."

Ya ta da kabbara. Kai ba ka taɓa jin karatu daga ƙasan rijiya ba. Muryar ba ta fitowa kamar ta mutum ɗaya, sai ta yi ta zagaya bango tana hawowa, kamar sahu guda ne ke karatu a can. Mata da suka zo da tuluna suka matso suna saurare. Ya gama Fatiha, ya ja sura. Ya yi ruku'u, muka ji ya yi tari sau ɗaya. Ya ɗago. Ya tafi sujada.

Muka jira.

Ina leƙe, ina ganin farar hularsa a ƙasa da bayansa a lanƙwashe. Na ce a hankali, "Ɗan Fillo ya samu wuri, shanu yake roƙa, yana lissafa su da sunayensu." Wani ya yi dariya, Baba Mati ya harare mu. Ba a yi wa mai salla magana. Ba a katse bawa da Ubangijinsa. Tun muna yara haka aka koya mana, kuma gaskiya ne a kan tabarma. Muka tsaya mu duka, manya da yara, cikin ladabi, hannuwa a harɗe, muna kallon mutum yana mutuwa. Iskar hadari ta fara tasowa, ta kaɗa zanan da muka jingine. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, bawan Allahn nan akwai tsoron Allah." Ni kuwa, mai bakin da ba ya rufuwa ko a makabarta, ranar ce kaɗai na ga dama in yi ladabi.

Wannan ita ce ta biyu, kuma ita ce babba. Ka ji ni da kyau, mai sunan Baba, don kai ma mai ladabi ne, ka fi ni nesa ba kusa ba, kuma ladabinka ne ke hana ni barci. A bakin rijiya shiru shi ne mutuwa. Wanda ke ƙasa ya yi ta magana, ya yi waƙa, ya zagi na sama in ya so. Da ya yi shiru, a ja. Ba a tambaya, ba a shawara, ba a jiran babba ya ba da izini. In ya fito yana faɗa, an ja shi a banza, to madalla, mai faɗa yana da rai. Kullin igiya kuwa a baya ake yinsa, ƙarƙashin hamata, inda hannun mai ita ba ya kaiwa.

Da shirun ya wuce misali, Baba Mati ya yi gyaran murya. Ya ce, "Subhanallah," kamar yadda ake tunatar da liman. Ya sake. Rijiyar ta maimaita masa. Sai na jefa ɗan tsakuwa, ya faɗa a bayan Buba, muka ji ƙararsa. Bai motsa ba.

Daga nan ban san me na yi ba sai abin da aka gaya mini. Wai na kama igiya zan zame da hannu. Baba Mati ya shaƙe ni ta wuyan riga, ya ce, "Ɗan banza, in za ka mutu ka mutu a ɗaure," ya ɗaure ni da kansa. Abin da na tuna shi ne dirata. Na tsaya kusa da Buba. Lafiya lau nake shaƙa. Babu wari, babu hayaƙi, babu hazo, babu komai. Ina ganin zaren hularsa ɗaya-ɗaya. Goshinsa a ƙasa, tafukansa a shimfiɗe, yatsun ƙafarsa a kafe, sujadar da ko malami bai isa ya gyara ba. Ƙudajen da suka biyo mu suna kwance a gefensa, ƙafafu sama. Na kira shi. Na sunkuya don in ɗago kafaɗarsa.

Shaƙa ɗaya na yi. Wani abu ya soki hancina, na ji tsami a kan harshe, kunnuwana suka ɗauki ƙara, ƙirjina ya shiga haki kamar na yi tsere da doki. Na so in miƙe, ƙafa ta ce ba ta san ni ba. Na farka ne a sama, ruwan sama na dukan fuskata, kaina kamar ana sara da gatari.

Ta uku ke nan. Wanda ya faɗi a rami, abin da ya kayar da shi yana nan yana jiran na biyu. Zuciya za ta ce maka sauka, sauka, ɗan'uwanka ne. Kada ka saurare ta sai igiya na jikinka, ƙarti na riƙe da ita, kuma ka cika ƙirjinka tun kana tsaye, ka riƙe numfashin kafin ka sunkuya. Da Baba Mati bai shaƙe ni ba, da gawa biyu za ka tarar, ɗaya ta ubanka.

Ina kwance wani ya kawo shawarar a zura turare a ba mai rijiya haƙuri. Aka cika kasko da garwashi jajir, aka zuba turare, aka zura. Wannan karon igiyar doguwa ce. Suna kallo garwashin ya yi ta sauka yana haske, yana sauka, da ya kai daidai bayan Buba sai ya mutu gaba ɗaya, kamar an kifa masa ƙwarya. Wata mata ta ce, "Ta hure!" Wuri ya watse, har da masu faɗuwa a kan tuluna. Daga ranar babu wanda ya yarda ya sake riƙe igiya a wurin. Aka gwada ƙugiya daga sama, ta yago rigarsa kawai. Ruwa ya yi ta zuba, bakin rijiyar ya fara zaizayewa. Washegari liman ya tsaya a bakinta aka yi wa Buba salla, aka jera itacen giginya, aka shafe da laka. Ba a cike ta da ƙasa ba, rufe ta kawai aka yi. Tsohuwarsa, Inna Dije, ta zauna a kan lakar har ta bushe.

Na bar haƙa. Na dawo Dutse na koma hawan dabino, na ce tunda ƙasa ta ƙi ni bari in gwada sama. Amma abin bai bar ni ba. Har yau in liman ya daɗe a sujada sai gumi ya karyo mini. Wata rana a masallacin unguwarmu wani dattijo ya daɗe bai ɗago ba bayan an sallame, ban san lokacin da na finciko shi ta kafaɗa ba. Ya ɗago ya kwaɗa mini mari, ya ce, "Uban wa ya aiko ka?" Na ce, "Na gode, Baba." Har yau yana gaya wa mutane ina da taɓin hankali.

Mutanen Unguwar Kargo kuwa suka yi ta ƙara wa labarin gishiri. Wai da azahar in gari ya yi tsit ana jin karatu ta cikin tsagar lakar. Wai da safe ana tarar da ƙadangaru a mace a ɗan kwarin da ke bakinta. Na karatu ban sani ba. Na ƙadangaru gaskiya ne, na gani da idona, kuma yanzu na san dalili.

A madafin mahaifiyarka na gano shi. Ta jiƙa kanwa a tukunya, ƙanwarka ta tuntsurar da ƙwaryar ruwan tsamiya a ciki. Abin ya taso yana kumfa yana tsuwa. Na leƙa in ga ɓarnar, sai abin nan ya soki hancina, tsamin nan ya hau harshena. Na ɗago kai da sauri. Na san shi kamar yadda ka san muryar wanda ya taɓa yi maka fashi. Na kunno fitila na zura a tukunyar, ba ta taɓa ruwan ba ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Na ajiye fitilar a ƙasa, na karkato bakin tukunyar a kanta a hankali, ban bar ko ɗigo ya zuba ba. Babu abin da ya fito wanda ido ke gani. Wutar ta kwanta ta mutu. Mahaifiyarka ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi! Malam, fitar mini daga madafi da tsafinka." Na ce, "Ga aljanar Unguwar Kargo nan a tukunyarki, da ita kike mana kunu."

Na yi ta gwadawa har kanwar gidan ta ƙare. Ga abin da na tabbatar. Wata irin iska ce, ba wadda muke rayuwa da ita ba. Ba ta da launi. Ba ta da wari, sai in ta yi yawa ƙwarai ka ji sukar nan da tsamin nan, kuma in ka ji su ka makara. Ta fi iskar duniya nauyi, saboda haka ƙasa take bi, tana kwanciya a rami kamar ruwa, ana zuba ta daga tukunya zuwa tukunya. Wuta ba ta ci a cikinta, rai ma haka. Shi ya sa mutum yana tsaye lafiya, kansa na sama da ita, da ya kai goshi ƙasa ya nutse. Buba nutsewa ya yi, a rijiyar da ba ta da ruwa.

Daga baya wani malamin asibiti mai sayen dabino a wurina ya ce Turawa sun san ta, suna ce mata kabon dayoksaid. Ni da na koyi ajami a gefen allon wasu, na koyi boko a jikin buhunan gyaɗa, na sa shi ya rubuta mini na haddace. Ya ce ita ce muke fitarwa in mun numfasa, ita wuta ke fitarwa in tana ci, ita ke tashi daga duk abin da ke ruɓa ko yake tsami, har hatsin da aka rufe a rami yana fitar da ita, shi ya sa ɓera ba ya rayuwa a ciki. Ya ce ganyen itatuwa shan ta suke yi da rana, shi ya sa ba ta cika duniya ba. A fili ba ta komai, kaɗan ce, iska na watsa ta. Sai ta samu rami mai shiru. Na ce masa to ku da kuka sani tun tuni, me ya hana ku faɗa? Ya ce ba a tambaye shi ba. Na ƙara masa kuɗin dabino.

Ka ga ke nan turaren nan da suka zura ƙara mata ƙarfi ya yi, tunda wuta ita ma haifar ta take. Kada ka yarda a saka garwashi a rijiya da sunan magani. Na kuma lura, daga tambayar tsofaffin mahaƙa, cewa ta fi taruwa in an bar rijiya a rufe, da inda ake da farin dutsen nan, da kuma lokacin da hadari ke haɗuwa, kamar ƙasa na sakin numfashinta. Duk ukun sun haɗu mana ranar Asabar ɗin nan.

Ga wautata ta ƙarshe, kuma ita ce irin tawa ta gado. Na ɗauki tukunya da kanwa da tsamiya na taka har Unguwar Kargo don in nuna musu. Na tarar da dattawa a gindin kargo. Maimakon in yi sallama in zauna in kunna fitila, sai na buɗe baki. Na ce jakai ne su, sun bar mutum a rami saboda tsoron abin da matansu ke dafawa. Na ce aljanarsu ba ta kai kunun kanwa ba. Wani ya ce, "Yaro, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na ce, "Tsautsayi ne ya yanke zaren fitila?" Mai gari ya ce a raka ni. Aka raka ni da duwatsu, tukunyar ta fashe a hanya, babu wanda ya ga komai. Baki shi ke yanka wuya, amma ni ba nawa wuyan ya yanka ba. Shekarun nan duka matan garin suna tafiyar rabin yini neman ruwa, Inna Dije tana gaishe da tulin laka.

Kai kada ka yi haka. Na ɗaure maka kanwa da tsamiya a ƙullin da ke tare da takardar nan. Daren farko, a'a, da rana ma, kowa na gani, ka ari tukunya mai zurfi, ka durƙusa gaban Sarkin Haƙa, ka ce, "Ranka ya daɗe, wani abin mamaki na gani, ko za ka duba mini?" Ka bar shi shi ya riƙe fitilar. Ka bar shi ya ce shi ya gano. Gani ya kori ji, kuma babba ba ya ƙin gaskiyar da ta fito ta hannunsa.

In kun fasa lakar, kada ka kwanta ka leƙa, don mai yiwuwa ta cika har baki. Ku bar ta a buɗe kwanaki. Ku ɗaure rassa masu ganye ku yi ta zurawa kuna fizgowa. Ku zura babban kwando da aka shafe cikinsa, ku jawo a hankali, ku kai shi nesa ta gangare ku juye, kamar kuna yasar ruwa. Za a yi muku dariya, ƙarti na kwasar babu. Ku bar su su yi. Sannan fitila, har ƙasa. Sannan kaza a kwando, har ƙasa, ta daɗe, ta fito tana kuka. Kowace safiya a sake, don abin da kuka kwashe jiya yana iya tsattsafowa cikin dare. In ka ga hadari, ka ce cikinka na ciwo. In ka sauka, fitila ta zauna kusa da idon sawunka, idonka a kanta. Ka ji ciwon kai, ko haki, ko ƙara a kunne, ka ja igiya, ko da Bature ne tsaye a sama da agogo.

Na ji cewa Inna Dije ce ta je gaban mai gari ta ce ba za ta mutu ba sai ta ga an sa ɗanta a kabari irin na mutane, kuma malamai sun ce ya halatta a ɗauko shi. To kai za ka fara ganinsa. Kada ka firgita. Ba zai yi maka komai ba, bai taɓa yi wa kowa ba. Za ka same shi yana fuskantar gabas.

Kuma a nan ne za su gwada ka. Wani daga sama zai ce, cikin kyakkyawar niyya, "Yaro, yi masa raka'a biyu kafin ka taɓa shi, al'ada ce." Dattawa za su ce ƙwarai kuwa. Kai kuma ba ka iya ce wa babba a'a ba. To wannan karon ka ce. Ka ce ubanka ya hana, ka ce mahaukacin nan na Dutse mai finciko mutane a masallaci, duk sun san ni. Na tambayi malamai uku, biyu sun ce rai ya fi nafila, na ukun ya tsaya kame-kame na bar shi a wurin. In akwai zunubi a ciki na ɗauka, a rubuta a kaina. Ƙasar Allah da faɗi take. Ka fito sama, inda iska ke kaɗawa, ka yi raka'a ɗari in ka so. Amma goshinka kada ya taɓa ƙasan rijiyar nan, ko wata rijiya, har ka mutu a kan tabarmarka da furfura.

Ka tsuguna kanka a sama, ka tattara shi a hankali cikin farin zanen da za a ba ka, kada ka bar ko yatsa. Kafin ka ja igiya, ina da saƙo. Ba sai da ƙarfi ba, yana da kunne. Ka ce masa Kaɗo ya ce ya ɗago haka nan, an daɗe ana jira.

Allah Ya jiƙan Buba, Ya karɓi sallarsa yadda ta tsaya. Kai kuma Allah Ya saukar da kai lafiya, Ya hau da kai lafiya, Ya ƙarfafa hannun masu riƙe maka igiya, Ya hana su ladabi a ranar da ladabi ba shi da amfani. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ka gaishe da Sarkin Haƙa, ka gaishe da Inna Dije, ka durƙusa mata har ƙasa a madadina.

Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata. Wassalam.

Mahaifinka, Ilu mai dabino.